Parabol Ya Kalli Tsamiya

"Ka bar rantse-rantse, Harisu. Rantsuwa ba ta sake ma mutum kaka."

Mardiyya ce ta faɗi haka, tana tsaye a bayan ajin da take koyarwa a lakkol ɗin Tudun Ango, wani ƙauye da ke jingine da tsauni a ƙasar Babankatami. Ɗalibai sun watse, rana ta take tsaka, allin da ke hannunta ya jiƙe da gumi har ya ɓata mata gefen hijabi. Kuka take yi, irin wanda ba ya fitar da sauti.

Harisu ya jingine motonsa, wato babur, da bango, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"To mi zan yi, Mardiyya? Sau biyu ina aika manya. Na hwarko anka ce a dakata, na dakata shekara guda cur. Na biyu ko ɗaurin goron ba a kwance ba, anka maido min abina."

"Na sani. Ina bayan zaure, na ji abin da Baba yac ce."

"Mi yac ce?"

Ta kau da kai. Sai da ya sake tambaya sannan ta faɗa.

"Wai ɗiyatai ba ta shiga gidan da anka taɓa zuba ma itace hura."

Zuciyar Harisu ta yi masa baƙi ƙirin. Laifinsa ke nan a duniya. Kakansa Ɗangana shi ne na ƙarshe cikin Azna da ke hawa tudu ya yi yanka a gindin tsamiyar da ke bayan gari, kafin a yi shuka. Ɗangana ya rasu tun ba a haifi Harisu ba. Ubansa Mahaman kuwa da tabon salla a goshi aka kai shi kabari. Shi kansa Harisu da rago aka raɗa masa suna, bai san wata alƙibla ba sai ta kowa.

Amma mutanen Tudun Ango, Allah ya ba su riƙo. Sukan manta wanda ya ara musu galma bara, ba sa manta abin da kakan mutum ya yi shekara sittin da suka wuce.

"Ga kuma Hahizu," in ji Mardiyya tana share ido. "Jiya ma ya zo daga Madawa. Baba hal tabarmarshi yas shimfiɗa mai."

Hafizu ɗan aminin mahaifinta ne, dillalin albasa, mai fararen kaya da ba sa taɓa yin datti. Watanni biyar ke nan yana zarya, ita kuwa ko gaisuwar kirki ba ta taɓa tsayawa ta yi da shi ba.

"Kina son shi?"

"Harisu! Shekarata ashirin da biyar, uku daga ciki kai nike jira. Ka tambaye ni wanga?"

"Yi haƙuri. Kaina na ba ya tare da ni."

Ta matso kaɗan, ta rage murya.

"Saurara, Inna ta aiko ni. Yaya Idrisa ya aiko da kaya daga Aljeriya: tele, da parabol, farantin nan mai kamo tashoshi, da akwatin dekodar, hal da panno mai jan hasken rana da bateri. Ka san Baba. Sau biyu shina shirin Makka Allah bai yi ba, yanzu ga ƙahwa ta ƙi. Yac ce shi dai in ya ga tsayuwar Arhwa da idonai, ko cikin gilashi na, ya gode Allah. Saura kwana huɗu. Hahizu ya ce shina kawo teknisiyan daga Madawa ana gobe Arhwa. Inna ta ce ka riga shi."

"Ni? Ban taɓa kahwa parabol ni ɗai ba. Rediyo da portabul, wayar hannu, nike gyara. Kallo dai na taɓa yi a Madawa, ina riƙe ma mai yi tsani."

"Ka iya. Na san hannunka." Hawaye suka sake zubo mata. "In kai ka kawo ma Baba Makka cikin zaurenai, da wane baki za shi ƙara ce maka jikan Azna? Wagga dama ita ɗai ta rage muna, Harisu. In wagga ta wuce, ban san mi zan ƙara hwaɗa mai ba."

Ya dube ta, ya ga yadda ta rame a watannin nan, ya ji tausayinta ya fi ƙarfin tsoronsa.

"Ki ce ma Inna ina tahe gobe da sahe."

*

Gari na wayewa ya iso ƙofar gidan Malam Sha'ibu, mahaifin Mardiyya, da diga da rabin buhun siminti. Ya haƙa rami a gefen zaure, ya tsayar da ƙarfen da farantin zai zauna a kai, ya ɗaura dutse a zare ya sake shi don ya tabbata ƙarfen bai karkata ko da kaurin gashi ba. Yana cikin kwaɓa siminti tsohon ya fito, dogare da sanda.

Sandar nan kowa ya san ta. Malam Sha'ibu shi ne mai fitar da alƙibla a garin. Shekara arba'in ba a haƙa kabari ba, ba a aza tubalin masallaci ba, sai ya zo ya ja layi da ita a ƙasa.

Harisu ya tuɓe takalma ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Malam dai," tsohon ya gyara masa, ba tare da ya dube shi ba. "Matata Zaliha ta ce kai ka iya abin ga. To madalla."

Ya tako a hankali har gindin ƙarfen, ya dubi inda rana ke fitowa, ya ɗan karkata arewa, ya ja layi mai zurfi.

"Ga Makka nan. Nan za shi kalla."

Harisu ya dubi layin. Ya sani sarai farantin ba gari yake kallo ba. Wani tauraron ɗan Adam ne yake nema can a sama, kuma duk waɗanda ya gani a soraye a Madawa, masu kamo tashoshin Larabawa, kudu suke ɗan karkata. Maganar tana bakinsa. Su biyu ne kaɗai a wurin, ba mai ji. Da ya faɗa a lokacin, wataƙila tsohon ya yi tsaki ya shige gida, magana ta ƙare.

Amma yaya mai neman aure, yana durƙushe gaban uban yarinya, zai ɗaga kai ya ce ba haka ba ne? Kuma a kan alƙibla, abin da mutumin ya fi kowa sani? Kunya ta ɗaure masa harshe.

"To, Malam," ya ce.

Wannan "to" ɗin ita ta kashe shi, bai sani ba.

*

Washegari siminti ya kama. Da hantsi ƙofar gidan ta cika maƙil, har liman da ladan. Hafizu ma ya iso a motarsa, ya sa aka sauke buhun albasa a bakin zaure, ya zauna kusa da tsohon yana yi masa fifita.

"Sannu da gida, Baba."

Shi ba a gyara masa ba.

Harisu ya yi kamar bai ji ba. Ya haɗa farantin, ya ɗaura masa hannunsa, ya maƙala ɗan kan nan da ake kira tet a bakin hannun. Ya fere bakin waya da reza a hankali, yana lura kada siraran gashin da ke kewaye su taɓa jan ƙarfen tsakiya, don ya ga yadda hakan kaɗai ke ɓata aikin yini. Ya zura wayar ta tagar zaure, ya haɗa dekodar da tele, ya jona su ga bateri.

Sai ga matsala: dole wani ya tsaya gaban tele yana faɗin lambar sinyal yayin da shi yake juya farantin a waje. Rubutun kuwa da Faransanci yake.

"A kira Mardiyya," in ji liman. "Ita ta yi lakkol."

Haka aka yi. Ta fito daga cikin gida, kanta a sunkuye, ta tsaya a zaure da telekomand, wato rimot, a hannu. Bango ɗaya ne tsakaninsu, da 'yar taga wadda ko kai ba ya shiga. A shekara uku, ranar ce ta farko da aka bar su suka yi magana a gaban mahaifinta.

Harisu ya saita farantin daidai kan layin Malam.

"Mi kika gani?"

"Ba komi."

Ya ɗaga shi sama kaɗan.

"Yanzu hwa?"

"Ba komi, Harisu."

Ya saukar. Ya sake ɗagawa. Ya kwance tet ya murɗa, ya mayar. Ya duba wayar tun daga farko har ƙarshe, alhali ya san lafiyarta lau. Ƙarfen ya yi zafi har yana ƙona masa tafi, gumi na shiga masa ido. Ya fi awa guda yana wahalar da kansa a kan layin nan, yana roƙon Allah a zuci ya yi masa abin da ya san ba ya yiwuwa.

"Ba komi," muryarta ke ta fitowa ta taga, kowane karo tana ƙara yin ƙasa.

Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Hafizu ya yi 'yar dariya.

"Baba, a bar bawan Allah ya huta mana. Gyaran rediyo daban, wanga daban. Gobe war haka teknisiyan nawa na nan."

Malam Sha'ibu ya yi ajiyar zuciya, ya laluɓo sandarsa.

"Bari, yaro. Allah bai yi ba."

A nan ne muryar Mardiyya ta fito, ba lamba ta faɗa ba.

"Harisu... don Allah ka ƙara."

Ya rufe ido. Ya ji kukan da take dannewa. In ya bar farantin a kan layi, ya rasa ta yau. In ya kauce wa layi, ya saɓa wa ubanta a gaban gari. Ya ce a ransa, in dai hoton ya fito, hoton zai yi masa magana.

Ya sa kile, wato sifana, ya sassauta bulon, notin da ke riƙe da farantin, ya fara tura shi dama, faɗin yatsa ɗaya, ya tsaya. Wani yatsan, ya tsaya. Layin Malam ya koma hagunsa, yana ƙara nisa.

"Kai, ya bar gabas hwa," wani ya ce.

Bai waiwaya ba.

"Goma!" Mardiyya ta yi ƙara. "Harisu, goma! Ja ya taso!"

"Ci gaba da hwaɗi!"

"Ashirin da biyar... arba'in... a'a, ya sauka, koma baya kaɗan! Nan! Sittin... ɗaga shi... saba'in da takwas! Ya zama kore! Tsaya, kar ka motsa!"

Ya ɗaure bulon ɗin tamau. Ya ciro ƙusa daga aljihu ya karce ƙarfen sama da ƙasa, don ko iska ta juya shi a san inda yake.

Idrisa ya aiko da dekodar a shirye. Mardiyya na danna telekomand sai sauti ya cika zauren, sai ga Ka'aba, baƙa, tsaye, fararen mutane na kewaya ta kamar ruwa.

Sandar Malam Sha'ibu ta faɗi daga hannunsa.

"Allahu akbar! Allahu akbar! Ɗakin Allah na! Zaliha, taho ki gani!"

Da rarrafe ya shiga zauren. Hawaye na bin gemunsa, ya miƙa hannu yana son taɓa gilashin yana jin nauyi. Mutanen da suka tafi suka dawo a guje. Ta 'yar tagar Harisu ya hango fuskar Mardiyya, tana kuka tana dariya, ta dube shi ta gyaɗa kai.

Kusan minti biyu Harisu ya yi yana cikin farin cikin da bai taɓa sani ba. Iyakar rabonsa ke nan.

Hafizu bai shiga zauren ba. Ya zagayo bayan farantin, ya runtse ido ɗaya, ya bi hannunsa da kallo kamar mai auna bindiga. Sai ya miƙe ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Jama'a, ku taho ku ga inda abin ga yake kallo."

Aka fito. Aka tsaya inda ya tsaya, aka duba. Shi ma Harisu ya duba, karo na farko.

Can bisa tudu, gabas maso kudu, ita kaɗai a kan duwatsu, tsamiyar Ɗangana ce tsaye. Farantin ya buɗe fuska yana kallon ta sak, kamar da gangan.

Cikin zaure limamin Makka na ta karatu, ba mai saurare.

Aka kamo Malam Sha'ibu aka fito da shi. Ya dubi layinsa a ƙasa, ya dubi farantin, ya dubi tudu. Hawayen farin cikin ma ba su bushe a fuskarsa ba.

Harisu ya zube a gabansa.

"Malam, wallahi ba tsamiya shike kallo ba. Sama shike kallo, nesa bisa kanta. Akwai wani tauraro da Turawa sunka rataya can, shi ka amso hoton daga Makka shi sauko da shi. Ko'ina haka na, hal Madawa, ku tambaya..."

"Na ja maka layi ko ban ja ba?"

"Ka ja, Malam."

"Kac ce mi?"

Harisu ya sunkuyar da kai.

"Na ce to."

"Lokacin da kac ce to, ka san da tauraron ga naka ko ba ka sani ba?"

Harisu ya saci kallon jama'a. In ya ce bai sani ba, ya yi ƙarya a gaban liman.

"Na sani, Malam. Kunya ta hana ni..."

"Ka sani! Kad durƙusa gabana, kab bar ni ina ja maka layi kamar mahaukaci, ka ce min to, kana sane inda za ka kai shi. Ashe ba a banza nike gudu ba. Jini ba shi ɓata hanyar gida." Ya juya wajen zaure. "Mardiyya, kashe shi."

Ta fito a guje, ta manta da jama'a, ta durƙusa ta riƙe masa ƙafa.

"Baba, don girman Allah! Ka'aba ta hwa ka gani da idonka! Awa guda ya yi bisa layinka, ni ka duba lambar, ba komi! Ni na ce ya ƙara, Baba, laihina na. Harisu bai taɓa hawa tudun can ba, kowa ya sani. Sahu ɗaya kuke salla!"

"Ka'abar da ta biyo ta tsamiyar Ɗangana ba ni son ganin ta."

"Baba!"

"Ku shaida, jama'a." Ya ɗaga yatsa. "Muddin ina lumfashi, wanga yaro ba shi zama surukina. Na rantse da wanda yay yi ni. Ya kwance abin ga, ya bar min ƙohwar gida."

Inna Zaliha ta fito ta janye 'yarta, kukan Mardiyya na tashi har bayan gida. Wani ya zare wayar bateri, karatun ya yanke a tsakiyar aya.

Harisu ya tashi. Da hannunsa ya kwance bulon ɗin da ya ɗaure, ya sauke farantin ya jingine shi da bango. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya dube shi. Ya ja motonsa da ƙafa har gida, don ya kasa tayar da shi.

*

Teburin da yake gyaran portabul yana bakin hanya, daga nan ana hango ƙofar gidan Malam. Don haka washegari komai a idonsa aka yi.

Hafizu ya kawo teknisiyan, wani Mahfuzu, ɗan birni mai hular rana da 'yar na'ura rataye a wuya. Shi bai tuɓe takalma ba, bai durƙusa ba. Da aka nuna masa layin sai ya yi dariya, har Harisu na jiyowa.

"Tsoho, wanga ba masallaci muke ginawa ba. Inda wanga aparai da ke wuyana yac ce, nan muke bi."

Ya ɗora farantin, ya jona na'urarsa, ya juya. Tana ƙara, tana ƙara, har ta yi tsuwa mai tsawo. Ko minti goma bai yi ba. Yana shirin ɗaure bulon sai ya sunkuya ya dubi ƙarfen.

"Wa yak kahwa wanga? Ga ma alamatai nan ya karce, daidai wurin na, ba ƙari ba ragi. Ai da kun bar shi, da ba ku ɗauko ni tun daga Madawa ba."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Farantin ya koma yana kallon tsamiya kamar jiya. Harisu ya miƙe tsaye a bayan teburinsa. Yanzu wani zai yi magana. Liman na nan, ladan na nan, duk sun gani.

Hafizu ne ya yi maganar.

"Wannan daban na, Baba. Na'ura ta nuna. Na'ura kuwa ba ta da kaka."

Aka yi 'yar dariya, aka ce haka ne, aka shige zaure.

*

Ranar Arfa Harisu bai buɗe tebur ba. Yana azumi, ya zauna a kan wani dutse a ƙofar gidansu da ke gindin tudu. Tun hantsi gari ya kwashe ya tafi gidan Malam. An fito da tele waje don mutane sun yi yawa, iska na kawo masa muryar alhazai a yanke-yanke, labbaika, labbaika. Bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Bayan azahar ya hango ta tana tahowa tsakanin duwatsu, ita kaɗai. Ta tsaya nesa kaɗan. Idanunta sun kumbura. Ta miƙo masa kilensa da ya manta a gindin ƙarfe.

"Ga abinka."

Bai karɓa ba.

"Mardiyya, ya gani ko? Ya ga inda mutumin Madawa ya kai shi?"

"Ya gani. Jiya da la'asar, da mutane sunka watse, na leƙo na gan shi tsaye bisa layin. Ya daɗe. Sai ya sa ƙahwa ya goge shi."

Harisu ya miƙe zumbur.

"To ai ya gane! In tahi in same shi yanzu, in ba shi haƙuri..."

"Ya gane, shi ya sa ba shi son ganin ka." Ta fashe da kuka. "Shekara arba'in ba a taɓa ce mai layinai bai yi ba. Duk sanda ya gan ka, abin za shi tuna. Kuma ya rantse gaban liman, Harisu. Inna ta ce mai ya yi kaffara, azumi uku na. Yac ce shi ba shi lashe abin da ya tohwar gaban gari."

"To mu jira. Na jira uku, ina jiran goma."

Ta girgiza kai, ta rufe fuska da hijabi.

"Mi ya hwaru? Hwaɗa min."

"Ɗazu, ana cikin huɗuba, Baba na kuka kamar ƙaramin yaro. Tunda nike ban taɓa ganin shi cikin daɗi haka ba. Sai ya kama hannun Hahizu yac ce, wanga shi ya kai ni Arhwa. Ya kira ni. Yac ce, Mardiyya, ba ni yi maki dole, ke ba yarinya ba ta. Tambayar ki nike, a wagga rana, gaban mutanen ga da Allah ka kallo. Kin amince da aurenai?"

"Kika ce mi?"

Ta ƙara jan hijabin a kan fuskarta.

"Mardiyya, kika ce mi?"

"Gemunai jiƙe da hawaye, Harisu. Gari duk na kallona. Na buɗe baki in ce a'a, wallahi na buɗe... sai na ji na ce to."

Ya koma ya zauna a kan dutsen a hankali. Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa. Wa zai gaya wa nauyin wannan kalma? Shi ma a gaban mutumin nan ya durƙusa ya faɗe ta, yana sane ba ita ce a ransa ba.

"Ka ce wani abu mana. Ka zage ni ko na ji sanyi."

"Yaushe na?"

"Bayan Salla da sati biyu za su kawo goro."

"Allah shi sa alheri."

"Kar ka ce min haka! Ni na sa ka, ni na ce ka ƙara. Da na yi shiru..."

"Da kin yi shiru ma ɗaya ta. Tahi gida, Mardiyya, kar a neme ki."

Ta ajiye kilen a kan dutse kusa da ƙafarsa. Ta yi taku uku ta waiwayo. Sai ta juya ta gangara tana tuntuɓe, har duwatsu suka ɓoye ta.

Ya daɗe a nan. Hawayen da ya riƙe tun shekaranjiya suka zubo, ya bar su.

Kakarsa Delu, matar marigayi Ɗangana, ta fito daga ɗaki a sunkuye, carbi a hannunta. Kunnenta ya yi nauyi, ba wanda ya gaya mata abin da ake ciki. Ta kare ido da tafi ta dubi cikin gari, inda farantin ke walƙiya a saman katangar Malam Sha'ibu, fuskarsa a buɗe zuwa wajensu.

"Harisu, wai mi farantin can ka kallo? Tun jiya ya sa muna ido. Mun yi wani abu?"

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki kilensa.

"Ba mu yi komi ba, Kaka," ya ce. "Makka shike kallo."